Wayar 'ya'yanmu da hoton ƙwaƙwalwar da ake tsorata mu da shi

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare yayata ta turo mini wani bidiyo ta WhatsApp, ta biyo shi da saƙon murya. A bidiyon an jera hotunan ƙwaƙwalwa guda biyu. Ta hagu shuɗiya fes, ta dama kuwa an yarfa mata ja da rawaya kamar garwashi. Wata murya mai kauri tana bayani cewa ta daman ta yaro ce mai yawan danna waya, kuma wai ba ta da maraba da ta mai shaƙar hodar iblis. A saƙon muryar yayata cewa ta yi, "Ka ga abin da nake faɗa ko? Na ƙwace wayar yarinyar nan. Likitocin Turai ma sun tabbatar."

Na ce, "Yaya, wane likita? A wace jami'a? Yara nawa aka gwada?" Ta ce ita dai ga hoto nan, gani ya kori ji.

Matsalar ke nan. Hoton ƙwaƙwalwa ya zama wani hatimi da ake buga wa magana don a rufe bakin mai tambaya. Kuma ba mu ne muka fara ba. Daga Amurka da Ingila abin ya taso, a jaridunsu da majalisunsu, mu kawai ragowar ce ke iso mana a wayoyinmu bayan an yanke ta gunduwa-gunduwa an ɗora mata kiɗa mai ban tsoro.

Masana sun daɗe da gano wannan rauni na ɗan Adam. A 2008 Deena Weisberg da abokan aikinta a Jami'ar Yale suka ba mutane bayanai kan halayyar ɗan Adam, wasu ingantattu, wasu kuma kame-kame ne kawai. A cikin wasu sai suka cusa jimla ɗaya mai ambaton wani sashe na ƙwaƙwalwa, jimlar da ba ta ƙara komai ga ma'anar bayanin ba. Mutanen da ba fanninsu ba ne sun fi gamsuwa da bayanin banza muddin an ambaci ƙwaƙwalwa a ciki. Ƙwararrun fannin ba su faɗa tarkon ba.

Shi kansa hoton mai launi ba abin da mutane suke zato ba ne. Na'urar fMRI da ake ɗaukar irin wannan hoto da ita ba ta ganin tunani, ba ta ganin baƙin ciki. Canjin iskar oksijin a cikin jinin da ke kai-komo a sassan ƙwaƙwalwa take aunawa, sai kwamfuta ta yi lissafi, sai mai bincike ya zaɓi launin da zai shafa wa wuraren da lissafin ya nuna bambanci. Ja ɗin nan da ya tayar wa yayata da hankali zaɓin wani mutum ne a gaban kwamfuta. Da ya ga dama da kore ya sa.

Wani matashin mai bincike, Craig Bennett, ya nuna yadda lissafin ke iya yaudara ta hanya mai ban dariya. Shi da abokan aikinsa suka sayo mataccen kifin salmon, suka sa shi cikin na'urar, suka riƙa nuna masa hotunan mutane, wai ya tantance halin da suke ciki. Da aka yi lissafin ba tare da gyaran da ya kamata ba, sai ga ɗigo-ɗigo sun haska a kan mushen kifi. A 2009 suka gabatar da sakamakon don su ja kunnen 'yan'uwansu masana. Sai kuma a 2022 wani babban nazari a mujallar Nature, wanda Scott Marek ya jagoranta, ya nuna cewa in ana son danganta siffar ƙwaƙwalwa da halayya ko lafiyar tunani a samu sakamakon da zai tsaya da ƙafarsa, sai an gwada dubban mutane. Alhali yawancin binciken da aka saba yi, mutum ashirin da 'yan kai ake tarawa.

Ba wai ilimin ƙwaƙwalwa shirme ba ne. Masu shi ne suka tono waɗannan kurakurai da hannunsu. Ɓarnar tana faruwa ne a hanya, tsakanin ɗakin bincike da kanun labarai.

A 2011 wani mai ba kamfanoni shawara kan talla, Martin Lindstrom, ya rubuta a jaridar New York Times cewa mutane soyayya suke yi da iPhone ɗinsu a zahiri, hujjarsa ita ce wani sashe da ake kira insula ya haska da suka ga wayar. Masana fiye da arba'in, Russell Poldrack na gaba, suka mayar masa da martani a jaridar: sashen nan yana haskawa a kusan kashi ɗaya cikin uku na duk binciken hoton ƙwaƙwalwa, har da na ƙyama da na jin zafi. Kamar ka ga hayaƙi na tashi daga wani gida ka rantse tuwon shinkafa ake tuƙawa. A Disambar 2018 kuma shirin 60 Minutes na Amurka ya ba da labarin wani babban bincike kan yara da ya nuna cewa waɗanda ke wuce awa bakwai a rana a gaban allon waya ko wasannin bidiyo, ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya fi saurin sirancewa. Duniya ta ɗauka. Abin da bai yi tafiya tare da labarin ba shi ne maganar jami'ar da ke kula da binciken, Gaya Dowling, a cikin shirin nan dai: ba su san ko allon ne ya jawo ba, ba su ma san ko abin illa ne ba. Sirancewar ɓawon ƙwaƙwalwa wani mataki ne na girma da kowane yaro ke bi. A 2023 da masu bincike na Oxford suka duba bayanan yara kusan 12,000 na wannan babban bincike, ba su ga shaidar cewa yawan kallon allo ya gurgunta aikin ƙwaƙwalwarsu ba. Wannan labarin ba wanda ya ɗora masa kiɗa ya tura wa yayata.

Sai kalmar da ta fi kowace shan wahala a bakin masu wa'azin waya, wato dofamin. An mayar da shi wata guba da waya ke ɗura wa yaro. Alhali sinadari ne da Allah Ya halitta a jikin kowa, yana aiki a motsi da koyo da himma. Mutuwar ƙwayoyin da ke samar da shi ce ke kawo cutar Parkinson mai sa karkarwa. Binciken da Wolfram Schultz ya yi da birai a shekarun 1990 ya nuna cewa ƙwayoyin suna zabura ne idan lada ta zo fiye da yadda ake tsammani, wato suna koya wa ƙwaƙwalwa abin da za ta sa rai da shi gaba. Ƙamshin tsire yana motsa wannan tsari, haka sakamakon jarrabawa mai kyau, haka dawowar uba daga tafiya. Don waya da hodar iblis sun ratsa unguwa ɗaya a cikin ƙwaƙwalwa, ba shi ya mayar da su abu ɗaya ba. Keke da tirela ma titi ɗaya suke bi.

Mu kam bai kamata a yi mana wannan kwatance mu haɗiye ba, domin mun san yadda ƙwaya take. Mun ga abin da kodin ya yi wa 'yan mata da matan aure a Kano kafin gwamnati ta hana shi a Mayun 2018. Mun san yaran da tiramol ya kayar a bakin titi suna kumfa. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya sun kai miliyan 14.3. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa asibitin Dawanau ko na Barnawa a Kaduna ba zai kira TikTok hodar iblis da sauƙin baki ba.

Haka batun "waya na canza ƙwaƙwalwa". Ƙwarai tana canza ta. Me ba ya canza ta? Eleanor Maguire ta nuna a 2000 cewa direbobin tasi na Landan, saboda haddace tituna, wani ɓangare na sashen tuna wurare ya fi girma a ƙwaƙwalwarsu. Haddar Alƙur'ani ma tana barin sawunta, koyon ɗinki ma haka. Tambayar ita ce canjin alheri ne ko na sharri, kuma hoto ba ya amsa ta. Sai an dubi yaron: yana barci? Yana cin abinci? Yana da abokai? Karatunsa fa?

Muhawarar ta yi zafi sosai a 2024 da masanin halayyar ɗan Adam Jonathan Haidt ya fitar da littafinsa The Anxious Generation, inda ya ce wayar zamani da soshiyal midiya sun sake wa yarinta zubi tun daga farkon shekarun 2010, kuma su ne silar hauhawar ciwon damuwa da fargaba a matasa. Littafin ya yi kasuwa, 'yan siyasa suka runguma. Candice Odgers, wadda ta shafe shekaru tana nazarin lafiyar tunanin matasa, ta rubuta a Nature cewa hujjojin da ke hannu ba su kai ga wannan hukunci ba. Tun a 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski sun tattara bayanan matasa sama da 350,000 daga Amurka da Birtaniya, suka ga alaƙar amfani da na'urori da raguwar walwala tana nan, amma 'yar ƙarama ce, ba ta wuce kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin yara ba, kusan daidai da alaƙar walwala da yawan cin dankalin Turawa. Haidt da Jean Twenge sun mayar da martanin cewa an cakuɗa kallon talabijin da Instagram, an cakuɗa maza da mata, shi ya sa illar ta ɓuya. Wannan suka ce mai nauyi, kuma har yau ana fafatawa. Amma a lura da abin da suke fafatawa a kai: alƙaluma, da amsoshin da yara suka bayar, da yadda aka tsara bincike. Ba wanda ya ɗago hoton ƙwaƙwalwa mai ja ya ce magana ta ƙare. Ostireliya ta haramta wa 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafukan sada zumunta daga 10 ga Disamba 2025, wasu ƙasashe na harama. Mai yiwuwa dokar ta yi amfani. Sakamakonta ne zai nuna, nan da 'yan shekaru.

Kowace shekara lokacin da mangwaro ya cika kasuwa shi ne lokacin da sanƙarau ke yawaita. Ba mangwaron ne ke kawo shi ba, lokaci ne ya haɗa su. Yaro mai damuwa da yawan riƙe waya su ma ana ganin su tare, amma wa ya jawo wa? Wani wayar ce ta hana shi barci har damuwa ta shige shi. Wani kuwa damuwar ce ta hana shi barci, ya rasa abokin hira sai waya.

Kada wani ya ɗauka ina wanke kamfanonin nan ne. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fallasa a 2021 sun nuna Facebook na sane da cewa wasu 'yan mata na cewa Instagram na ƙara musu ƙin jikinsu. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mamallakin Facebook da Instagram, da kansa ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya na masu yaudarar mutane su karɓi hotunan tsiraicinsu sannan su yi musu barazana don kuɗi. Ga manhajojin caca da ke lashe kuɗin makarantar samari, ga zagi da tonon silili a zaurukan 'yan aji, ga bidiyon da ke zuba ɗaya bayan ɗaya ba ƙarshe har asuba. Duk waɗannan da ido ake ganin su, ba sai an shiga na'ura ba. Kuma kowanne da maganinsa daban: wani doka yake buƙata, wani 'yan sanda, wani tilasta wa kamfani ya sauya tsarin manhajarsa, wani kuwa uwa ce kawai za ta ce waya ba ta kwana a ɗaki. Da zarar an ce "ƙwaƙwalwarsu ta lalace", an tattara duka an jefa cikin kan yaro. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da yaron ke ji. Ka ce wa ɗan shekara goma sha biyar kimiyya ta tabbatar kansa ya taɓu, ka cire masa dalilin yin ƙoƙari. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, inda sai a 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, inda har yau kalmar "taɓin hankali" kan hana yarinya aure, wannan ba lakabin da za a riƙa liƙa wa yara da wasa ba ne.

Ranar Asabar na je gidan yayata. Na tarar da yarinyar a tsakar gida tana tsince shinkafa, idanunta sun faɗa. Na ja kujera na zauna kusa da ita, muka yi ta hirar makaranta, can na tambaye ta me take yi da waya har ƙarfe biyu na dare. Ta daɗe tana juya shinkafar a faranti kafin ta ce, "Kawu, tun rasuwar Baba ba na iya barci. In na kashe fitila sai in riƙa jin tarinsa. Saƙonnin muryarsa nake saurara."

Wata bakwai ke nan da rasuwar. Yayata tana bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta ji komai. Ba ta ce uffan ba. Da la'asar ta buɗe durowa ta ɗauko wayar ta miƙa mata, da sharaɗin ƙarfe goma a kai ta falo a sa caji. A daren ta sa aka mayar da katifar yarinyar ɗakinta, ta kuma ce in nemo musu likitan da za su gani ranar Litinin.