Kafin ka sayo karen gadi, ka san irin ɓarawon unguwarku

Wani maƙwabcinmu ya sayo kare bayan ɓarayi sun haura masa katanga sau biyu cikin wata guda, suka kwashe batiran sola da babur ɗin ɗansa. Ya sa aka kawo masa irin ƙaton nan mai gashi buzu-buzu da ake kira Caucasian, wanda asalinsa na tsaunuka ne masu ƙanƙara. Da zafin Afrilu ya kankama na shiga gidan, na tarar da dabbar kwance a gindin randa, harshe a waje, tana haki kamar za ta shiɗe. Na tausaya wa karen, na kuma tausaya wa maigidan, domin tsoro ne ya kai shi, kuma tsoron ba na banza ba ne.

A Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya ce tsakanin Mayun 2023 da Afrilun 2024 an yi wa gidaje sama da miliyan 4 fashi a Najeriya, kuma kashi 36 cikin 100 ne kawai suka kai ƙara wurin 'yan sanda. Arewa maso Yamma ce ta fi kowace shiyya yawan laifuffukan. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan alƙaluman, amma magidancin da ke kwana ido ɗaya a buɗe ya riga ya san halin da ake ciki tun kafin a ƙirga.

Sai dai ba kowane laifi kare ke maganinsa ba. Ƙwacen waya a Kano a kan titi ake yin sa, ko a cikin adaidaita sahu, kare kuwa yana gida. 'Yan bindigar da ke shiga ƙauyukan Zamfara da Katsina a kan babura gommai, ɗauke da AK-47, babu karen da zai tare su. Abin da kare ke da shi hanci ne da kunne da haushi. Yana jin motsin baƙo tun kafin ya taɓa katanga, ya tashe ka, ya tashi maƙwabta. Ɓarawon dare mai haurowa ba abin da ya tsana kamar hayaniya, sau da yawa haushin kaɗai ke sa ya canza gida. A ƙauye kuma, 'yan mintocin da haushin ya ba mutane su ne na kwashe yara a shige daji. Wanda ya fahimci haka ba zai tafi neman kare mai kisa ba, zai nemi mai faɗakarwa.

Na san da yawa addini ne ke riƙe su, kuma suna da hujja. Hadisi ingantacce ya ce wanda ya ajiye kare, in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana. Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan ukun idan buƙata ta tabbata. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar da ake karantawa a zaurukanmu, da kansa ya rubuta cewa ba a ajiye kare a gidajen birni. Amma masu sharhin littafin sun ruwaito cewa da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron sharri, sai ya ajiye kare, da aka tuna masa matsayin Imam Malik ya ce da Malik ya riski zamaninsu, zaki mai cizo zai ajiye. Ashe buƙata ce ma'auni. Karen da aka saya don a ce gidan Alhaji akwai karen Turawa bai shiga wannan rangwamen ba.

A ra'ayina karen gida, namu na gargajiya, ya fi dacewa da yawancin gidajenmu. Yana jure zafi, yana cin ragowar tuwo da ƙashi, ba ya yawan ciwo, ga shi da saurin jin motsi. Abzinawan Nijar da Mali sun daɗe suna tsaron dabbobinsu da tantunansu da siririn karen nan na Azawak, wanda har Turai ake kai irinsa. German Shepherd yana da kaifin ƙwaƙwalwa da ɗaukar horo, amma yana son nama da inuwa da wanda zai riƙa fita da shi kullum. Rottweiler da Boerboel kuwa ƙarfinsu ya wuce na yaro ko mace mai riƙe da sarƙa, in ba a hore su tun suna 'yan kwikwiyo ba, su ne haɗarin gidan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A nan ne na fi jin tsoro, saboda gidan Bahaushe ba ya rabo da masu shigowa. Almajiri zai leƙo da ƙoƙonsa, ɗan garuwa zai shigo da jarka, yaran maƙwabta za su faɗo a guje ba sallama. Karen da ya wuni ɗaure a rana da guntuwar sarƙa, ba ruwa, ana tsokanarsa da dutse, ranar da ya kwance waɗannan zai fara kamawa. Ga kuma ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomin ciwon sun bayyana, da wuya a tsira. Allurar rigakafin kare a nan gida Najeriya ake haɗa ta, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos. Ana yi wa ɗan kwikwiyo yana wata uku, a maimaita duk shekara. Wanda ba zai iya wannan ba, don Allah kada ya ajiye kare. Idan kuma an yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafa magani a gida.

Maƙwabcin namu daga baya ya ba wani ɗan'uwansa da ke Jos karen, can akwai sanyi. Ya samo ɗan kwikwiyon gida, ya gina masa ɗaki mai inuwa a bayan zaure, ya koya masa kada ya ci abin da aka jefo daga waje, tunda ɓarayi kan jefa nama mai guba. Mu magidantan layin muka haɗa kuɗi aka sa fitilar sola biyu a lungu, kowa ya sayi usur, muka yi alkawarin cewa in karen ya daɗe yana haushi da dare, duk wanda ya ji zai kunna fitilar waje ya busa.