Rawar Zorba da jinin bazawara

Kwanakin nan hoton kabarin marubucin nan ɗan ƙasar Girka, Nikos Kazantzakis, da ke birnin Hiraklion a tsibirin Kirit ya sake zagayowa a Facebook, tare da kalmomin da aka rubuta a jikinsa: ba na fatan komai, ba na tsoron komai, ni 'yantacce ne. Matasanmu masu son karatu suna ta zuba yabo, wasu har da ɗora bidiyon Anthony Quinn yana rawa a bakin teku a fim ɗin 1964 da aka yi daga littafinsa mai suna Zorba. Raina ya ɓaci, domin yawancinsu rawar kawai suka gani, littafin ko buɗe shi ba su yi ba.

Ni na karanta Zorba, wanda ya fito a 1946, kuma ban musa gwanintar marubucin ba. Ya iya zana tsibirin Kirit har ka ji ƙanshin gishirin teku. Tambayata ita ce: 'yancin nan da ake ta kirari da shi, na wa ne?

A dubi bazawarar ƙauyen. Saurayi Pavli ya faɗa teku ya mutu saboda ta ƙi shi. A lokacin bikin Ista maza suka tare ta a ƙofar coci, Zorba, jarumin littafin, ya yi ƙoƙarin ƙwatarta, amma uban yaron, Mavrandoni, ya yanka ta a idon jama'a. Mai ba da labarin fa, wanda bai daɗe da kwana a ɗakinta ba? Ya koma ya nutsa cikin tunani, ya mai da kisan wani darasin falsafa har zuciyarsa ta yi sanyi. Nan na ajiye littafin, sai da na kwana biyu kafin na iya komawa kansa.

Haka tsohuwa Madam Hortans. Zorba ya yi ta yi mata daɗin baki da alkawarin aure, tana kan gargara mutanen gari suna wawushe kayan ɗakinta. Bayan mata biyun sun mutu, igiyar da Zorba ya kafa don sauko da katako daga dutse ta rushe, jarin ya ƙone, sai Zorba da mai ba da labarin suka ci gasasshen nama suka tashi suna rawa. Wannan rawar ce duniya ta ɗauka a matsayin hikima.

Masu kare Kazantzakis suna cewa zamaninsa ke nan, ko kuma fallasa zaluncin ƙauye ya yi. Wannan uzuri ba ya tsayawa da ƙafarsa. Tun a 1903 wani ɗan ƙasarsa, Alexandros Papadiamantis, ya rubuta labarin tsohuwar da ke kashe jarirai mata a tsibirin Skiathos, don ta ga irin wahalar da ke jiran 'ya mace a gidan talaka. Shi ya shiga cikin ran macen ya zauna. Kazantzakis kuwa, bayan shekara arba'in da uku, ya cika bakin jaruminsa da maganganun raina mata, ya kuma tsara littafin yadda mai karatu zai tafa masa.

Abin da ya fi damuna shi ne mu ma mun san yadda ake kallon bazawara a unguwanninmu, mun san tsegumin da ke bin ta har bakin rijiya. Bai kamata mu karanta wannan babi mu wuce kamar ba mu gane shi ba. Malaman adabi a jami'o'inmu su sa ɗalibai su karanta Papadiamantis tare da Kazantzakis, kuma duk mai son ɗora hoton kabarin nan ya fara karanta abin da ya faru a ƙofar cocin tukuna.