Tsarin Bulgariya zai karya mana masu ɗaga ƙarfe

Wani salo ya shigo wuraren ɗaga ƙarfe a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Matasan masu horarwa sun kalli bidiyo a Facebook da TikTok, sun dawo suna wa'azin abin da suke kira tsarin Bulgariya: kullum, safe da yamma, ɗan wasa ya loda wa sanda iyakar nauyin da zai iya, har ana gobe gasa. Wanda ya ce gwiwarsa na ciwo, a ce masa rago.

Gaskiya ne Ivan Abadjiev, mai horar da tawagar Bulgariya, ya fitar da zakarun duniya da wannan tsari a shekarun 1970 da 1980. Sai dai masu tallarsa ba sa ƙarasa labarin. Yaransa ba su da wata sana'a sai ƙarfe, gwamnati ke ci da su. A gasar Olamfik ta 1988 a Seoul an ƙwace zinare biyu daga hannun 'yan Bulgariya, bayan gwaji ya nuna sun sha furosemide, maganin da ake ɓoye ƙwayoyin ƙara kuzari da shi, tawagar ta tattara ta koma gida. An sake kama su a Sydney a 2000, aka kuma hana su shiga ta Rio a 2016. Wannan ne za a ɗora wa yaron da ke acaɓa da rana, a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, abincinsa tuwo da miyar kuka?

Duk wahalar shekara a ɗagawa shida take ƙarewa. Uku a arashe, wato fizgo ƙarfe daga ƙasa zuwa sama kai tsaye, uku a epole-jete, inda ake fara sauke shi a kafaɗa kafin a tura sama. Wanda ya faɗi duka ukun arashe ko duka ukun epole-jete ya tashi ba maki. Ana auna nauyin jiki sa'o'i biyu kafin a fara. Saboda haka mai horarwa na ƙwarai daga ranar gasa yake fara lissafi, ya yo baya. Watannin farko na tara ƙarfi ne, maimaici da yawa, nauyi matsakaici, tsuguno da ja. Daga nan nauyi ya riƙa hawa, yawan maimaici na sauka. A mako ɗaya ko biyu na ƙarshe a rage aikin sosai, a bar jiki ya warware gajiya. Tun shekarun 1960 Lev Matveyev ya rubuta wannan a Tarayyar Sobiyet. Ko dokin Lamiɗo ba a ƙure masa gudu a jajibirin hawan Sallah.

Masu cewa matsalar kuɗi ce kawai, su faɗa mana nawa ake sayar da littafi da biro na rubuta jadawalin horo.

Kamaru ta san wannan wasa. Junior Ngadja Nyabeyeu ya ci zinare a ajin kilo 109 a wasannin Commonwealth na Birmingham a 2022. Madias Nzesso kuwa ta samu tagullar Olamfik ta London 2012 ne shekaru bayan gasar, da aka soke sakamakon waɗanda suka sha ƙwaya suka wuce ta. Abin takaici ne ƙasar da aka yi wa wannan cuta ta koma kwaikwayon tsarin da sunansa ya ɓaci da ƙwaya, a kan jikin 'ya'yan talakawa.

Hukumomin wasan na jihohin arewa uku su daina karɓar sunan ɗan wasa sai mai horar da shi ya kawo jadawali a rubuce, wanda ya yi la'akari da watan azumi da lokacin bazara. Mai horarwar da ya kasa rubuta na mako goma sha biyu, a karɓe yaran daga hannunsa.