Tsibirin Surtsey da aka hana mutane takawa, ni ina bayan wannan hanin

Jama'a akwai wani ɗan tsibiri a kudu da ƙasar Aisland, kamar kilomita 32 daga gaɓa, sunansa Surtsey, ba a yarda kowa ya sauka kansa sai masu bincike da takardar izini. Na ga wasu na cewa wai son kai ne na Turawan kimiyya, meye amfanin wurin da ba za a je a gani ba. Ni dai wallahi ina ganin sun yi daidai.

Wannan tsibirin fa kafin 1963 babu shi kwata-kwata, ruwa ne zalla. Ranar 14 ga Nuwamba na shekarar, da sassafe, kukun wani jirgin masunta ya hango baƙin hayaƙi na tashi daga teku, har suka ɗauka wani jirgi ne ya kama da wuta, ashe dutse ne ke aman wuta daga ƙasan ruwa, zurfin kusan mita 130. Washegari ƙasa ta leƙo sama. Ikon Allah kenan. Dalilin kuwa, a tsakiyar tekun Atlantika akwai jerin duwatsu doguwa kamar kunyar gona, a nan ɓawon duniya ke rabewa a hankali, kamar santimita 2 a shekara, narkakken dutse na samun hanyar fitowa, Aisland kanta a kan wannan kunyar take zaune.

Aman bai tsaya ba sai Yunin 1967. Wasu ƙananan tsibirai biyu sun fito kusa da shi, Syrtlingur da Jólnir, amma toka ce kawai, igiyar ruwa ta cinye su cikin watanni. Shi Surtsey ya tsira ne saboda narkakken dutse ya malalo ya daskare ya yi masa sulke.

To abin da ya sa nake goyon bayan hanin, ina kuma za a sake samun ƙasa sabuwa fil wadda ba ciyawa ba ƙwaro, a zauna a ga yadda rai ke shigowa da kansa? A 1965 aka ga tsiro na farko a bakin gaɓa, ruwa ne ya kawo irin. Daga baya wajen tsakiyar shekarun 1980 tsuntsayen teku suka yi sansani, kashinsu ya zama taki, suna kawo iri a cikinsu da jikinsu, sai ga ɓangaren da suke ya yi kore shar alhali sauran wurin baƙin yashi ne. Wannan ilimin ba ya samuwa in mutum ya sa ƙafa ko'ina, shi ya sa su kansu masu binciken sai sun kakkaɓe kaya da takalma kada su shigo da iri. UNESCO ma, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, saboda haka ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2008.

Kuma lokaci na tafiya, daga faɗin tsibirin na murabba'in kilomita 2.7 a farko, teku ta zaizaye kusan rabi.

A 1969 an tarar da tumatir ya tsiro a can, da aka bincika ashe wani ne ya yi bayan gida a wurin, dole aka tumɓuke shi. Mutum ɗaya kenan fa, da uzuri ɗaya. To ina ga an buɗe wa jiragen 'yan yawon buɗe ido suna sauke mutane duk sati da ledojin abincinsu?