Matashin da ba a lura da rashinsa ba

Duk lokacin da aka tayar da maganar matasan da ke janye jiki daga ikkilisiya, shawarar da aka fi saurin kawowa ita ce a gyara kiɗa, a sayi sababbin kayan sauti, ko a shirya babban taron farkawa. Ban raina waɗannan ba, amma a ganina ba nan gizo ke saƙar ba.

Budurwar da ta tafi jami'a, ko saurayin da aiki ya kai shi wani gari, ba kasafai sukan bar sujada don sun daina ba da gaskiya ba. Yarinya takan fasa zuwa ranar Lahadi saboda gajiya, ta sake fasawa saboda jarrabawa, sai ta ga babu wanda ya kira ya ce mata, "Lafiya kuwa? Kwana biyu ba mu gan ki ba." Daga nan zuciyarta takan yanke cewa zuwanta da rashin zuwanta duk ɗaya ne. A cikin majami'a cike da jama'a hakan yana iya faruwa ba tare da laifin kowa ba, amma idan mutum 8 ne ko 10 ke haɗuwa kowane mako a falon wani, kujera ɗaya ba ta zama babu kowa ba a tambaya ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne. Ayyukan Manzanni 2:46 ta nuna masu bi na farko suna taruwa a Haikali, suna kuma cin abinci tare gida-gida. A shekarar 1742 a birnin Biristol na Ingila, mabiyan John Wesley, mai wa'azin da ya kafa ɗarikar Methodist, sun kasu rukuni-rukuni na kimanin mutum 12 domin tara kuɗin biyan bashin ɗakin taronsu. Jagororin da ke zagayawa karɓar gudummawar mako sai suka fara gano halin da 'yan'uwansu ke ciki, wanda ya raunana da wanda ya koma tsohuwar hanya, Wesley kuwa ya mai da tsarin hanyar kiwon garke.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke mai da ƙaramar zumunta wata sujadar Lahadi, inda dattijo zai yi ta wa'azi matasa na zaune shiru har a rufe da addu'a. Wanda ke fama da rashin aikin yi, ko matsin iyaye kan aure, ko shakka game da wata aya, yana bukatar wurin da zai buɗe baki ba tare da tsoron maganar za ta kai kunnen fasto kafin gari ya waye ba. Idan babu riƙon amana, ba zai dawo ba.

Ina roƙon dattawan ikkilisiya su sakar wa matasa ragamar waɗannan ƙungiyoyi, su tsaya a gefe suna ba da shawara. Manzo Bulus ya gargaɗi almajirinsa Timoti kada ya bari a raina shi saboda ƙuruciyarsa, alhali ya riga ya damƙa masa kula da ikkilisiyar Afisa. A ba matashi sunayen mutum biyar da zai riƙa tuntuɓa a mako, a kuma zauna da shi ƙarshen wata a ji yadda kowannensu yake.