Ranar da na'ura ta kori surukata daga layif

Kun dai san duk Asabar bayan la'asar ina hawa layif daga shago a Kwari, ina ɗaga shadda da atamfa mutane na tambayar kuɗi. To 'yan zagi sun dame ni, kana cikin ciniki sai wani ya shigo ya auna maka ashar ya fita. Autanmu da ya yi kwas ɗin kwamfuta na wata shida yace Yaya bari in haɗa maka AI, ita za ta riƙa karanta komen, duk wanda ya yi zagi ta goge ta rufe masa baki na minti 5. Wai zagin Turanci ta san shi da kanta, na Hausa ne sai an koya mata. Ya zauna ya jera mata kalmomi, jaki, wawa, shege, har da uwa, saboda kun san daga nan ashar ɗinmu ke farawa.

Jama'a ashe ita abar nan duk inda ta ga u da w da a sun jeru to zagi ne a wurinta.

Na fara layif, mutum wajen 300 suna kallo. Na farko ya rubuta Allah ya kawo kasuwa, fit ya ɓace. Wata tace akwai ruwan toka? ta ɓace. Wani kwastomana na Maraɗi yace kai shaddar nan da shegen kyau, shi ma aka yi waje da shi. Ni kuwa ina ta murna ina cewa kun gani ko, yau 'yan zagi sun gamu da daidai su, Auta yana gefe yana ta hura hanci.

Sai ga surukata, Hajiya Babba. Matar da ba ta taɓa shiga layif ɗina ba, ranar nan jikokinta suka kunna mata, suka rubuta mata Allah ya yi albarka ya ba da kasuwa. Na'urar ba ta tsaya a gogewa ba wallahi, sai da ta lika sanarwa kowa na gani, da sunan Hajiya ɓaro-ɓaro, wai an dakatar da ita na minti 5 saboda kalaman batsa. Batsa! Matar da ta je Makka sau uku. Ni kuma ban duba sunan ba, kan da na ɗaga na ga an kori wani sai nace cikin fara'a, yauwa Allah ya ƙara, marasa tarbiyya kawai, wanda bai samu tarbiyya a gida ba zai samu a nan. Har da tafi na yi. Ina riƙe da yadi biyar na Getzner a kafaɗa ina tafi, ina maimaita marasa tarbiyya, sai na ga Auta ya dafe kai da hannu biyu, wayarsa na ringin, sunan matata a jiki. Na leƙa allon sosai. Miyau ya ƙafe min. Na ce a'a Hajiya ba ke ba, Hajiya ina wuni, an wuni lafiya, na durƙusa har ƙasa a gaban kyamara, mutane 300 babu abin da suke gani sai saman hulata. Na ɗauki ɗayar wayar na rubuta ku yi haƙuri ina zuwa. Zuwa. Ni ma ta rufe min baki, a layif ɗina.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maƙwabcin nan nawa, kun san shi, mai shagon da ke kallon nawa, wanda har yau bai dawo min da almakashina ba tun kafin azumi, kullum sai yace yaronsa ne ya ajiye. Shi fa tun farkon layif yake zuba habaici, wai Allah ya sa wannan ba irin ta bara ba ce da ta zuba a wanki ɗaya, wai Alhaji hular ta yi kyau, aro ce? Ko ɗaya na'urar ba ta taɓa ba, a wurinta mutumin kirki ne mai addu'a. Shi ya dauki sikirinshot ma ya tura guruf ɗin layinmu.

Auta wai in kwantar da hankali, ko a Ingila an taɓa yi a 1996, aka hana mutanen wani gari Scunthorpe buɗe akawun saboda akwai ashar a tsakiyar sunan garinsu. Nace su ma surukarsu aka kora?

Na kai wa Hajiya turmi biyu na atamfa da daddare. Ta karɓa, tace kalar ba ta yi mata ba.