Waɗanda suka rasu a Mina ba garken shanu ba ne

Duk sa'ad da jama'a suka mutu a cunkoso, kalma ɗaya jaridun Turanci ke bugawa: "stampede". Ita suka buga a Satumbar 2015 da alhazai suka rasu a Mina, ita suka buga a Disambar 2024 da yara 35 suka rasu wajen wani biki a Ibadan. Ni dai kalmar nan ba ta kwanta mini ba.

Tun asali ba don mutane aka yi ta ba. Amurkawa ne suka aro ta daga Sifaniyancin Meziko, "estampida", a ƙarni na 19. Makiyayan Texas kan faɗe ta idan tsawa ko ƙarar bindiga ta firgita garke, shanu suka ɓalle da gudu suna tattake duk abin da suka tarar. Bikin dawaki da shanu na Calgary a Kanada, wanda aka fara a 1912, har yau sunansa ke nan. Daga baya ne aka lanƙaya wa bil'adama.

To, a Mina wa ya yi gudu? Masu nazarin cunkoso sun sha yin bayani: idan mutum shida ko bakwai suka matsu a murabba'in mita ɗaya, ɗaga ƙafa ma gagara yake, balle gudu. Da yawa a tsaye rai ke fita, saboda ƙirji ya kasa buɗewa ya ja numfashi. Na baya kuwa bai ma san abin da ke faruwa a gaba ba, tafiyarsa kawai yake. Amma da an ce "stampede", laifi ya koma kan mamatan: sun ruɗe, ba su da haƙuri. Wanda ya tsara hanya ya sha.

Haka aka yi wa magoya bayan Liverpool a filin ƙwallo na Hillsborough da ke Ingila a 1989, inda mutum 97 suka rasa rai. 'Yan sanda suka ce 'yan kallo ne suka jawo. Sai a 2016 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke su, bayan kwamandan 'yan sandan ya amsa cewa shi ya sa aka buɗe ƙofar da ta tura jama'a inda ya riga ya cika maƙil.

Mu ma da muke cewa turereniya, mu riƙa tambaya: ƙofa nawa aka buɗe, mutum nawa aka gayyata, kuma wa ya ba da izinin taron?